Ina da ragowar katako, ba ni da ƙarfe: ta ina zan fara haɗa kayan aikina?

Tambaya: Na ɗan jima ina aikin katako, har guntaye masu kyau sun taru mini. Yanzu ina so in haɗa wasu kayan aiki da hannuna: filen na katako, cizal biyu ko uku, wuƙar zana layi, da bayis na jikin benci. Wani abokin sana'a ya ce mu yi musaya, in ba shi katako, ya ba ni tsofaffin magagarai da sifirin mota da wasu ƙarafa da ya tara. In karɓa? Kuma a ina ake samun ƙarfen da ya dace da irin wannan aiki?

Amsa: Sannu da aiki, ɗan'uwa. Ka karɓi musayar, amma ba a dunƙule ba, kuma kada ka ɗora zarto a kan ko guntu ɗaya na katakon da ka ware wa kayan nan sai ƙarfen ya shigo hannunka. Kai da ka ga katako ka san shi. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka duba yadda jijiyarsa ta kwanta, ka fere gefe ka shinshina. In ka yi kuskure ma yana da haƙuri, a rage nan, a manna can. Ƙarfe kuwa ba ya faɗin sunansa. Sanda biyu za su zo maka kala ɗaya, nauyi ɗaya, tsatsa ɗaya, amma wannan ta riƙe kaifi yini guda ana aiki, waccan bakinta ya lanƙwashe tun a sara na uku.

Filen ɗina na farko a baibai na yi shi. Na gama jikinsa tsaf, na shafa mai, na yi kwana biyu ina kallonsa ina jin daɗi, sannan na fita neman ƙarfe. Wanda na samo ya fi ramin faɗi da kusan milimita 2. Na shiga faɗaɗa ramin, kumatun suka sirance, ranar da na buga weji da ɗan ƙarfi sai ɗaya ya tsage har ƙasa. Tun daga nan sai na ajiye ƙarfen a kan benci na auna shi, sannan in yanka rami ya ɗara shi da kamar milimita 1.5 domin ya samu wurin karkata hagu ko dama, in kwantar da shi a digiri 45. Haka cizal: wutsiyar ƙarfen ce ke faɗa maka girman ƙota da faɗin zobenta. Haka bayis: sandar tiredin ce ke faɗa maka kaurin katakon da zai riƙe ta.

Abin da ke raba ƙarfen kaifi da ƙarfen ƙofa shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa. Wanda masu walda ke haɗa ƙofa da taga da shi, kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba, ko ka gasa shi ya yi ja ka tsoma a ruwa sau goma ba zai taurara yadda zai riƙe kaifi ba. Kayan yanka suna son daga kashi 0.6 zuwa wajen kashi 1. Idan ka ga ana sayar da ƙarfe da lamba huɗu, lambobi biyun ƙarshe su ne kabon ɗin: 1018 yana da kashi 0.18, 5160 yana da 0.60, 1084 yana da wajen 0.84, 1095 kuma 0.95. Da wannan kaɗai za ka iya karanta rabin abin da masu sayarwa ke rubutawa.

Tarin abokinka ba shi da lamba, saboda haka sai gwaji, kuma ba a cinikin biri a sama. Ka roƙe shi ya bar ka ka gwada kafin ku ƙulla. Gwaji mafi sauri shi ne na giranda a wuri mai ɗan duhu. Ƙarfe mai ƙarancin kabon tartsatsinsa dogaye ne, suna tafiya a miƙe, ba sa fashewa sosai. Mai yawan kabon kuwa tartsatsinsa suna fashewa suna rassa kamar ƙananan taurari. Ka riƙe guntun ƙarfen ƙofa a hannu ɗaya, tsohon magagari a ɗayan, ka kwatanta duk baƙon ƙarfe da su, idonka zai koya cikin minti biyar. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta: yanki ɗan siriri, ka gasa ya yi ja, ka tsoma a mai, ka goga masa magagari. In magagarin ya zame yana ƙara kamar an goga a gilashi, ƙarfen ya taurara. In ya ci, ka mayar masa da kayansa.

Magagaran nan su ne mafi daraja a cikin tarin, in tsofaffi ne na kirki, domin da ƙarfe mai kabon wajen kashi 1 ko fiye ake yin su. Sai dai akwai na araha da fatar waje kawai aka taurara, cikin laushi ne, kana cinye haƙoran ka cinye amfaninsu. Ka naɗe ɗaya a tsumma, ka matse shi a bayis ka bar ɗan tsininsa a waje, ka sa tabarau, ka doke shi da guduma. Na gaske zai karye ƙas, cikinsa toka-toka mai laushin ƙwaya kamar siminti. Na bogi zai lanƙwashe, ko ka ga bakin zobe siriri a kewaye da ciki mai wani launi. Abu biyu kada ka manta game da magagari. Yadda yake ɗin nan ya yi tauri fiye da kima, in ka wasa shi kawai ka sa masa ƙota ka buga da guduma zai iya tarwatsewa a fuskarka, dole a sassauta taurinsa a wuta. Sannan haƙoran sai an cinye su ƙarƙaf a wurin da zai zama baki, domin kowane kwarin haƙori mafarin tsaga ne. Daga magagari ɗaya mai faɗi za ka fitar da wuƙar zana layi da cizal na fere da hannu.

Sifirin mota ka karɓi ganye ɗaya, kada ka wuce haka. Yawanci 5160 ne ko danginsa, yana jure duka, ya dace da gizago da wuƙar fere mai ƙota biyu da cizal mai kauri na huda rami. Amma sifirin da aka cire daga mota ya sha lanƙwasa sau miliyoyi, kuma sau da yawa akwai ƙananan tsagu da ido ba ya gani sai an tsoma shi a mai su buɗe. Ga kauri, ga lanƙwasa, sai da maƙera da zugazugi ake miƙar da shi. In ba ka da wannan, kai shi wurin maƙeri, ko ka bar shi.

Akwai ƙananan abubuwa da mutane ke zubarwa alhali sun fi sifirin amfani ga mai irin aikinka. Tsohon zarton hannu da haƙoransa suka mutu, jikinsa ƙarfe ne da aka riga aka taurara daidai, kaurinsa bai kai milimita 1 ba, ka yanka shi murabba'i ka samu makankari huɗu ko biyar ba tare da ka kunna wuta ba. Ƙusar kankare tana zama tsinken zana layi ko basilla. Makullin alan, ɗan lanƙwasasshen nan mai kusurwa shida, in ka wasa gajeren gefensa yana zama bakin abin share gindin rami. Wuƙaƙen injin fere katako da suka gajarce, da bakin zarton injin yanka ƙarfe irin mai tauri gaba ɗaya, suna ba da wuƙar zane mai riƙe kaifi, kuma giranda kawai suke buƙata. Ka lura dai, zartunan ƙarfe na zamani da yawa haƙoran ne kaɗai masu tauri, bayansu laushi ne.

Rodin gini kada ka karɓa ko kyauta, haɗe-haɗen narkakkun ƙarafa ne, wannan sanda ta taurara waccan ta ƙi. Duk ƙarfen da aka yi wa farin shafe na zink, irin na bututun ruwa da wasu notuna, kada ya shiga wutarka, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Bakin filen kuwa, a ganina saya za ka yi, kuma wanda aka san sunansa. Shi wannan yana son bayansa ya kwanta shar, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma fitar da haka daga sifirin da hannu aikin sati ne da ba lallai ya yi kyau ba. Masu sayar da kayan injiniyoyi da masu sayar wa maƙeran wuƙa suna da ƙarfe shimfiɗaɗɗe da aka goge fuskokinsa, yana zuwa da laushi, zarton ƙarfe da magagari suna cin sa. Ka nemi ƙarfen da ake kira O1, ko kuma 1084. Su biyun suna yafe kuskuren sabon hannu, kuma a mai ake tsoma su. 1095 yana da kaifi amma yana son sanyaya mai sauri ƙwarai, ɗan jinkiri sai ya ƙi taurara. A2 da ƙarfen nan mai jure zafi da ake kira HSS kada ka saye su da laushi da niyyar taurarawa a gida. A2 yana da kuromiyam kusan kashi 5, yana son zafin da ya haura digiri 900 na Salsiyos a riƙe shi a nan na wani lokaci, HSS kuwa sai wajen digiri 1200. Waɗannan sai tanderun lantarki mai ma'auni. In kana son su, saye su a gama.

Ga filen na katako ka ɗauki mai kauri, milimita 4 zuwa 5. Na filen ɗin ƙarfe irin na kamfanin Stanley kusan milimita 2 ne, kuma yana dogara ne da murfin da ake ɗaure masa, in ka sa shi shi kaɗai a jikin katako zai riƙa karkarwa yana bar maka zane a fuskar aiki. Sandar O1 takan zo da tsawon inci 18 ko 36, alhali bakin filen ɗaya inci 4 ko 5 ya ishe shi. Nan ne musaya ke da daɗi: ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi sanda ɗaya ku raba, ko kai ka saya ka riƙa ba da yanki ana ba ka abin da ba ka da shi. Yankin da aka san sunansa ya fi guga cike da ƙarafan da ba a san asalinsu ba, kuma duk wanda ya taɓa ɓata kwana uku a kan ƙarfen da ya ƙi taurara ya san haka. Ka rubuta sunan a jikin kowane yanki da fenti tun ranar da ka yanka, domin bayan wata shida kai ma ba za ka bambance su ba.

Taurarawar ba ta da wuyar da ake faɗa. Ka gyara siffar ƙarfen tun yana da laushi, ka yi gangaren baki na digiri 25, amma ka bar bakin da ɗan kauri kamar rabin milimita don kada ya ƙone ko ya murɗe. Ka gasa a hankali kana taɓa shi da maganaɗisu. A wajen digiri 770 na Salsiyos ƙarfe yake daina kama maganaɗisu, kai kuma kana neman wajen 800, wato ka ƙara masa ja kaɗan bayan ya daina kamawa. Sai ka tsoma shi a tsaye cikin man girki mai ɗumi, a gwangwanin ƙarfe mai murfi a kusa saboda mai yakan kama da wuta, kana motsa shi sama da ƙasa. Kada ka kaɗa shi gefe da gefe, zai lanƙwashe. Da ya huce yadda hannu zai iya riƙewa, kada ka bar shi ya kwana, sa shi a tanderu mai zafin digiri 200 na awa ɗaya, ya huce, ka maimaita. In da harshen wuta za ka yi, goge shi ya yi fari ka riƙa kallon launi: ruwan kara, kamar busasshiyar ciyawa, shi kake nema. In ya kai shuɗi, wajen digiri 300, ya yi laushi ga filen, sai dai makankari ko zarto. A ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell masu sayarwa sukan rubuta 58 zuwa 62 ga irin wannan baki.

In ka ci karo da tsohon bakin filen ko cizal a wurin masu gwangwan, ka tsaya ka duba, da tsohuwar zuma ake magani. Waɗanda aka yi a Shefild ta Ingila da yawa suna ɗauke da hatimin "cast steel", sunan ƙarfen da ake narkarwa a tukunya, dabarar da Benjamin Huntsman ya fito da ita a shekarun 1740. Yawancin tsofaffin bakunan filen na katako haɗi ne: ɗan falle mai tauri aka liƙa a wuta a kan ƙarfe mai laushi, kamar yadda maƙeran Japan ke yi har yau. Ka goge gefensa za ka ga layin haɗin, ka ga nawa ya rage na mai taurin, domin wani an wasa shi har an cinye. Sannan ka juya bayansa. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma in ta haƙa ramuka kusa da baki, duk lokacin da washi ya iso ramin sai kaifin ya yi giɓi. Wannan ko a kan guntun katako ɗaya kada ka musanya.

Zoben ƙota ba ya buƙatar neman nesa. Guntun bututun jan ƙarfe na masu aikin famfo, mai milimita 15 ko 22, ya ishi yawancin cizal. Tagulla mai ruwan ɗorawa ta fi kyau a ido, amma iri biyu ce da ya kamata ka sani. Mai lamba 360 tana da ɗan dalma a ciki, tana yankuwa da daɗi, amma in ka dake ta da guduma don ta baje sai ta tsattsage. Mai lamba 260, kashi 70 jan ƙarfe kashi 30 zink, ita ce ke jure daka. Kuma ka riƙa yawo da maganaɗisu a aljihu, domin da yawan abin da ake kira tagulla baƙin ƙarfe ne aka yi wa shafe. Amfanin tagulla ba ado kaɗai ba ne. Katako mai yawan tanin, sinadarin nan da ake jeme fata da shi, in ya haɗu da baƙin ƙarfe da danshi sai ya yi baƙin tabo kewaye da sukurun. Sukurun tagulla kuwa yana da saurin tsinkewa, saboda haka ka fara shigar da na baƙin ƙarfe mai girmansa ya buɗe hanya, ka fitar, sannan ka sa shi.

Tiredi shi ne inda na fi ganin mutane suna asara. Noti mai M6, wato na tsarin mita mai milimita 6, yana tafiya milimita 1 a kowane zagaye. Na kwatan inci, mai zare 20 a inci ɗaya, yana tafiya milimita 1.27. A ido kusan ɗaya suke, za su shiga juna zagaye ɗaya ko biyu sannan su cije, in ka matsa da sifana ka kashe duka biyun. Tsofaffin kayan Ingila kuma suna bin tsarin da Joseph Whitworth ya kafa a 1841, mai kusurwar digiri 55, alhali na mita da na Amurka digiri 60 ne. A rabin inci ma adadin zaren ya bambanta, na Whitworth 12, na Amurka 13. Kamfanin Stanley shi ma ya yi amfani da wasu tiredi nasa a jikin filen waɗanda ba a cika samu a shagon noti ba. Saboda haka duk abin da aka miƙo maka mai tiredi, ka ce a haɗo da notinsa, in babu ka ɗauka rabin kaya aka ba ka. A kayan da kake haɗawa da kanka ka zaɓi tsari ɗaya, M6 da M8 sun isa, ka tsaya a kansu.

Ga bayis, sandar tiredi ta gama-gari za ta yi aiki amma za ta gajiyar da kai. Mai milimita 20 tana tafiya milimita 2.5 a zagaye, kuma zarenta mai tsini yana cinyewa da yawan matsi. Wadda aka yi domin wannan aiki zarenta mai faɗin kai ne, mai milimita 20 tana tafiya milimita 4. Irinta ce a cikin jak ɗin mota mai buɗewa kamar almakashi, da ƙafar ƙarfen da magina ke daidaita tsayin dandamali da ita. In abokinka yana da ɗaya daga cikinsu da notinsa, wannan ya fi sifirin nasa duka.

Saura naka gefen, wato katakon. Kada ka raina guntayenka. Ga mai haɗa kujera shara ne, amma guntu mai tsawon santimita 30, mai tauri, mai miƙaƙƙiyar jijiya, ƙotar cizal biyu ce ko jikin ƙaramin filen. Abin da ke ba shi daraja bushewa ce, kuma ita ba a sayen ta da gaggawa. Ƙa'idar da aka saba ita ce shekara ɗaya ga kowane inci na kauri in a iska ake shanya shi, jikin filen kuwa yakan kai inci 3. In ba ka da na'urar auna danshi, ɗora guntun a sikeli ka rubuta nauyinsa a jikinsa duk sati biyu, ranar da ya daina raguwa ya daidaita da iskar wurin. Ka shafe bakunansa biyu da kakin zuma ko fenti, ta nan ruwa ke saurin fita ya bar tsaga. Kamar yadda kake son a gaya maka gaskiyar ƙarfe, kai ma ka rubuta a kan kowane guntu irin itacen da lokacin da aka yanka shi, in akwai tsagar da ka gani ka zagaye ta da fensir. Ka duba ƙarƙashin tarin, in ka ga gari mai laushi da ƙananan huji, ƙwari na ciki, kuma ba a kai wa abokin sana'a wannan ya shiga rumbunsa. Zafin digiri 56 har tsakiyar katakon na minti 30 shi ne ma'aunin da ake bi a duniya wajen kashe su a katakon ɗaure kaya.

Kada ku tsaya auna nauyi da nauyi, ba ni gishiri in ba ka manda ba ta tafiya haka. Ku lissafa abin da kowane yanki zai zama: magagari uku da suka ci gwaji kayan aiki biyar ko shida ne, sai ka ba shi katakon da zai fitar da kwatankwacin haka. In musayar ta girma har kuka koma manyan falanka, ku daidaita ma'auni tun farko, domin wasu da kubik mita suke lissafi, wasu da ƙafar katako, wato inci 12 sau 12 sau 1, kuma kubik mita ɗaya kusan ƙafa 424 ce. Katako nauyi gare shi, kuɗin aika shi nesa yakan cinye darajarsa, shi ya sa da na kusa ake musayarsa, ƙarfe kuwa ɗan ƙarami ne, ana iya odarsa daga ko'ina. In har za ka tsallakar da katako iyakar ƙasa, ka fara tabbatar da irinsa, domin tun Janairun 2017 itatuwan dangin Dalbergia, masu jan katakon nan da ake so a ƙota, suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma ɗanyen katakonsu ba ya ƙetarawa sai da takardar izini.

Da ni ne kai, zan ɗauki magagari uku bayan gwaji, da tsohon zarto in akwai, da jak ɗin mota, da ganyen sifirin ɗaya. Zan fara da wuƙar zana layi, domin ƙarama ce, in ta fashe a mai asarar yamma ɗaya ce, kuma a kanta za ka koyi launin wuta. Guntun da ya fi kowanne bushewa da miƙewa a tarinka kada ya shiga musayar, ajiye shi gefe har sandar O1 ta iso.